Ba tsawon ƙarfen sabis ba ne magana, inda aka dasa shi ne

Duk mai riƙe da waya ya san wannan takaicin, ka duba saman sikirin ka ga sabis ya cika fal, ga 4G a rubuce ƙuru-ƙuru, amma ka buɗe bidiyo sai juyawa yake ta yi, saƙon murya na minti ɗaya ma ya ƙi tafiya. Kuma abin da ke fara fitowa daga bakin mutane shi ne wai ƙarfen da ke kusa gajere ne, ko wai ba shi da ƙarfi, a ƙara masa tsawo a ƙara masa wuta magana ta ƙare. Ni kam na daɗe ina jayayya da wannan tunanin, don sau da yawa tsawon da ƙarfin su ne ma suka jawo matsalar.

Waɗannan sandunan da kake gani a wayarka ƙarfin siginar da ke isowa kawai suke nuna maka, ba sa gaya maka ko tana da tsabta. Wayarka tana jin ƙarfen da take magana da shi, amma fa tana jin duk sauran ƙarafan da ke aiki a kan firikwensi ɗaya da shi, wato mita ɗaya kamar ta gidan rediyo, kuma yawancinsu na kamfanin layinka ne, ba na wani kamfani daban ba. Abin da ke yanke hukuncin gudun data shi ne sau nawa siginar da kake so ta rinjayi taron waɗanda ba ka so, injiniyoyi suna ce masa SINR, kuma tun 1948 Claude Shannon ya fitar da lissafin da ke nuna cewa yawan bayanin da tasha, wato yankin firikwensin da ake aika saƙo ta kansa, za ta iya ɗauka ya rataya ne a kan faɗinta da kuma wannan rinjayen. In wayarka tana da shafin da ke nuna bayanan netwok ka leƙa ka gani, za ka iya tarar da ƙarfin sigina a wajen -80, wanda lafiya lau ne, amma SINR yana kusa da sifili. To nan fa ba rashin sabis ke damunka ba, yawansa ne.

Tunanin a hau sama a ƙure wuta ai an gwada shi tuntuni, da shi ma aka fara. A 1946 aka buɗe wayar mota ta farko a St. Louis a Amurka, tsarin kuwa shi ne eriya ɗaya a wuri mai tsawo da transimita mai ƙarfi ta rufe gari gaba ɗaya. Sigina tana kai wa nesa kam, amma duk tashar da mutum ɗaya ya kama to ta fita daga hannun kowa a faɗin garin har sai ya ajiye waya. Shi ya sa har a 1976 yankin Niyok mai mutane wajen miliyan 10 tashoshi 12 kacal gare shi a wannan tsarin, masu layi 543, ga sama da mutum 3,700 suna jiran a ba su. Mafitar kuwa tun 1947 wani injiniyan cibiyar binciken sadarwa ta Bell Labs a Amurka, Douglas Ring, ya rubuta ta: a yayyanka gari ƙanana-ƙanana, kowane yanki, wato sel, a ba shi ƙaramin ƙarfe mai ƙaramar wuta, sai a sake amfani da tasha ɗaya a wani yankin da ya yi nisa. Kayan aikin da za su iya ɗaukar wannan ne ba su samu ba sai bayan shekaru, Tokiyo ta fara a 1979, Shikago a 1983.

To tambayar da ta taso ita ce nisa nawa ya isa? Nan ne lissafin ya fi yi min daɗi, ku yi haƙuri da ni kaɗan. A sarari fetal inda babu abin da ya tare hanya, in ka ninka nisa sau biyu ƙarfin sigina yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu. A cikin gari kuwa, da gine-gine da bishiyoyi da siginar da ke dukan ƙasa tana dawowa, ninka nisa sau biyu zai iya mayar da ita kashi ɗaya cikin 16. Yoshihisa Okumura da abokan aikinsa sun yi ta auna wannan a Tokiyo da kewaye suka fitar da sakamako a 1968, Masaharu Hata ya mayar da shi lissafi a 1980, har yanzu manhajojin tsara netwok suna ɗauke da shi. Mutum zai ɗauka wannan saurin mutuwar sigina masifa ce, alhali ita ce rufin asirin tsarin gaba ɗaya, don da ba ta mutuwa da wuri da babu yadda za a yi a maimaita tasha.

Tsarin sel na farko na Amurka, AMPS, yana buƙatar siginarka ta rinjayi katsalandan ɗin sauran ƙarafa da desibel 18, wato wajen sau 63, kafin murya ta fita tas. Sai aka tattara sel bakwai-bakwai, aka raba musu tashoshi, kowa da nasa, sannan a maimaita rukunin. Da haka tazarar da ke tsakanin ƙarafa biyu masu tasha ɗaya ta zama kusan sau 4.6 na nisan da ke tsakanin ƙarfe da bakin iyakarsa, kuma kowane ƙarfe yana da irin waɗannan takwarorin guda shida a zagaye da shi. Tunda a cikin gari ninka nisa sau biyu yana rage sigina sau 16, wato 2 sau 2 sau 2 sau 2, ka ninka 4.58 (ainihin adadin kenan) da kansa har sau huɗu ka samu wajen 441, ka raba wa shida ka samu 73 da ɗoriya, ka ga an tsallake 63 da ƙyar kenan. Yanzu sake duba lissafin nan da kyau, ina ƙarfin wuta a ciki? Babu. In kowa ya ninka wutarsa, siginarka ta ninku katsalandan ma ya ninku, an dawo gidan jiya. Kamar ɗaki ne cike da mutane kowa na hira da na kusa da shi, ɗaya ya ɗaga murya don a ji shi sai na gefe ma ya ɗaga, kafin ka ankara kowa na ihu kuma ba wanda ke jin wani fiye da da. Girman sel ɗin ma bai shigo lissafin ba, tazarar ce kawai gwargwadon girman, shi ya sa za ka iya tsuke komai, sel na kilomita 10 ya koma na mita 500, tsabtar sigina tana nan yadda take amma mutanen da ke rabon tasha ɗaya sun ragu sosai.

Kuɗin da ake biya a nan shi ne kowane ƙarfe kashi ɗaya cikin bakwai na tashoshin kamfani kawai yake samu. Da GSM ya zo a 1991, tunda dijital ne yana jure hayaniya, desibel 9 ya ishe shi a takarda, sai aka matso da rukunin ya koma ƙarafa huɗu ko uku.

Duk wannan fa a kan takarda ne, inda ake zana sel da gefe shida daidai wa daida, ƙarfe a tsakiya cif. A ƙasa ba haka abin yake ba ko kusa. Mai tsara netwok zai ɗiga alama a taswira ya zana ɗan da'ira ya ce a nemo min wuri a cikin nan, sai masu neman fili su fita, wannan mai gidan ya ƙi, wancan ya tsawwala haya, can babu hanyar da mota za ta shiga da janareta, can hukuma ta hana, can babu yadda za a haɗa shi da sauran netwok ta igiyar faiba ko a hango wani ƙarfen da kwanon maikurowef mai aika sigina daga ƙarfe zuwa ƙarfe. Tsohuwar ƙa'idar ita ce kada a kauce daga alamar fiye da kwatan nisan da ke tsakanin ƙarfe da bakin iyakarsa. Amma in wa'adi ya matso sai ka ga an karɓi duk abin da ya samu, a ce ai za a gyara da saiti daga baya, kuma ƙarfe in an zuba masa kankare an sa hannu a haya ta shekara goma ko fiye, to ya zauna kenan, maƙwabtansa ne za su yi ta fama da shi.

Wanda ya fi ba ni haushi a cikinsu shi ne ƙarfe mai tsawon da ya wuce kima. Yawanci ba da mugun nufi aka kafa shi ba, lokacin da netwok ke sabo ne, ƙarafa ba su da yawa, burin kowa a rufe gari da wuri, sai a nemi tudu mafi tsawo ko bene mafi tsawo a ɗora eriya. A lokacin gwarzo ne. Bayan shekaru an cika gari da ƙarafa a ƙasansa, shi kuma yana nan a sama yana watsa sigina ta kan kowa, tana tsallake maƙwabcinsa na farko da na biyu ta faɗa cikin yankin na uku. Dalili kuwa, da zarar eriya ta ɗara rufin gine-gine sosai to ta kuɓuta daga abubuwan da ke kashe sigina da wuri, ta koma kusa da lissafin sarari fetal, wato waccan 441 da muka dogara da ita ta zube. Kuma abin gaba da baya ne, yadda ake jin sa daga nesa haka shi ma yake jin wayoyin da ke nesa waɗanda ba da shi suke magana ba, sai kunnensa ya cika da hayaniya, mutanen da ke gindinsa ma su rasa yadda za su tura abu. Wani lokacin waya ta maƙale masa daga nesa a wurin da ba a sa shi cikin jerin maƙwabtan ƙarafan wurin ba, kana ɗan matsawa kira ya yanke don babu wanda aka shirya zai karɓe ka. Ruwa ma haka yake yi, tafki ko kogi mai faɗi ko bakin teku, sigina tana sulalewa a kansa ta je nesa, haka doguwar hanya miƙaƙƙiya da benaye suka sa ta a tsakiya.

Maganin farko shi ne a sunkuyar da eriya ta kalli ƙasa kaɗan, kuma digiri ɗaya ba abin wasa ba ne. Eriyar da ke mita 30 a sama, in ka sunkuyar da ita digiri 6 tsakiyar siginarta zai sauka ƙasa a wajen mita 285, in digiri 3 ne sai wajen mita 570, in ba ka sunkuyar ba sam to gaba kawai take kallo har inda ido ya ƙare. Akwai sunkuyarwa ta hannu, a hau a kwance ƙusa a karkata jikin eriyar, matsalarta gaba ne kawai ke sauka yadda ake so, gefe da gefe ba sa sauka sosai, bayanta kuma sai ya ɗaga sama. Akwai ta lantarki, wadda ake yi a cikin eriyar ta hanyar jinkirta siginar da ke zuwa wa ƙananan sassanta, ita tana saukar da ko'ina daidai, kuma yanzu daga ofis ake juya ta ba sai an hau ba. Amma in ka zarce ka buɗe rami tsakaninka da maƙwabci inda babu mai rufewa. In kuwa ƙarfen ya yi tsawon da sunkuyo ba zai yi masa magani ba, sai dai a sauko da eriyoyin ƙasa-ƙasa a jikinsa ko a kashe shi gaba ɗaya, kuma shawo kan manaja ya yarda a kashe ƙarfen da ya fi kowane ɗaukar kira a rahoto, wannan wani yaƙin ne daban.

Mai tsarin da ya ƙware gine-gine da tuddai abokan aikinsa ne. Maimakon ya ɗora eriya a ƙololuwar bene sai ya manna ta a jikin bango, benen da kansa ya tare mata baya. Maimakon kan tudu sai ya sauko gangarensa, tudun ya zama katanga tsakaninsa da yankin da ke ɗaya gefen. Haka raba ƙarfe gida uku, kowace eriya ta kalli digiri 120, a tsarin bakwai-bakwai wannan kaɗai yana rage takwarorin da ke damunka daga shida zuwa biyu, amma da sharaɗin an daidaita inda kowacce ta dosa, ba a bar eriyoyi biyu sun yi ido da ido suna watsa wa juna ba. Mutanen da ke hawa na sama a dogon bene kuwa su ne abin tausayi, ta taga suna hango ƙarafa goma babu wanda ya rinjayi wani, waya ta yi ta tsalle daga wannan zuwa wancan, su kam gyaransu sai dai a sa musu ƙananan eriyoyi a cikin ginin.

Sai batun da nake ganin ya fi komai muhimmanci kuma an fi sakaci da shi: ina iyakar sel ta faɗa? Duk yadda ka tsara, wuri mafi muni shi ne tsakiyar tazarar ƙarafa biyu, inda siginar wannan da ta wancan suka yi kunnen doki. Ba za ka iya kawar da wannan layin ba, amma kai ke zaɓar inda zai bi. In ka bar shi ya ratsa ta filin wasa ko tashar jirgi ko harabar jami'a, to ka tara dubban mutane a wurin da ya fi ko'ina lalacewa, kowannensu yana cin kaso mai yawa na lokacin ƙarfen don ya samu ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, kuma wayoyinsu duk sun ƙure wuta don su isa ƙarfen da ke nesa, wannan wutar kuwa rabinta a kunnen ɗaya ƙarfen take sauka. Ka dasa ƙarfen a inda taron yake, iyakar ta faɗa kan fili ko daji ko wurin da ba kowa, ka ga da kayan aiki iri ɗaya ka samu netwok daban. A nan ne ma nake mamakin masu cewa a nisanta ƙarfe daga mutane don tsoron tururin sigina, alhali abin da ke manne da kunnenka waya ce, kuma ita tana ƙara wuta ne gwargwadon nisan ƙarfe, ta GSM tana iya kai wat 2, ta 4G wajen kashi ɗaya cikin biyar na wat, in ƙarfe na kusa kuwa ƙasa take yi sosai da wutar.

Daga 3G zuwa yau an ma watsar da rabon bakwai-bakwai ɗin, kowane ƙarfe yana amfani da firikwensi ɗaya da maƙwabcinsa na jikinsa, don haka zaɓen wuri ya ƙara nauyi ne ba raguwa ya yi ba. A 3G sai da aka sa ƙarfe yana gaya wa waya ƙara ko rage wuta sau 1,500 a daƙiƙa ɗaya, don waya ɗaya da ke kusa in ta yi ihu za ta danne duk na nesa, kuma sel ɗin kansa yana tsukewa in mutane sun yi yawa ya buɗe in sun ragu. A 4G, tun fitowar ƙa'idojinsa na farko a 2008 aka sa hanyar da ƙarafa maƙwabta za su riƙa sanar da juna wane ɓangaren tasha kowa zai ba mutanen bakin iyakarsa, daga baya da aka fara dasa ƙananan sel a ƙarƙashin manya sai aka ƙara dabarar babban ya riƙa yin shiru na ɗan lokaci don ƙaramin ya samu ya yi magana. 5G kuma ya zo da eriya mai sassa da yawa da ke nuna sigina saitin mutum maimakon watsa ta ko'ina. Duk suna aiki, ban musa ba. Amma duk shirun da ƙarfe ya yi don maƙwabcinsa data ce da wani bai samu ba, wato manhaja tana biyan bashin da wurin dasawa ya ci ne.

Akwai wani bincike da Jeffrey Andrews da François Baccelli da Radha Krishna Ganti suka fitar a 2011 da nake yawan tunawa. Sun ce tunda ƙarafan gaske ba sa bin zanen takarda, bari mu ɗauka watsa su aka yi barkatai mu ga me lissafi zai ba da. Sai ya fito cewa netwok na gaske yana faɗawa ne a tsakani, bai kai tsararren zane kyau ba, bai kai na barkatai muni ba. Abu na biyu kuma, a inda katsalandan ne ke mulki, ƙara yawan ƙarafa bai canza tsabtar siginar da mutum ke samu, don yadda naka ya matso haka na maƙwabta suka matso. Ribar ƙari ita ce masu rabo sun ragu, ita kuwa tsabta daga tsari take zuwa. Shi ya sa sabon ƙarfe in an kunna shi ba a koma an sunkuyar da eriyoyin tsofaffin da ke zagaye da shi an rage musu fili ba, ana iya wayar gari unguwar ta fi da lalacewa, sai an bi titi-titi da mota da na'urar awo ana gyarawa.

Wani lokacin ma wanda kake damu ba waya ba ne. A farkon 2022 a Amurka, kamfanonin layi na Verizon da AT&T sun dakatar da kunna wasu ƙarafan 5G da ke kusa da filayen jirgin sama, saboda firikwensinsu na 3.7 zuwa 3.98 gigahaz yana maƙwabtaka da 4.2 zuwa 4.4 da na'urar auna tsawon jirgi daga ƙasa ke aiki a kai, aka yi ta ja-in-ja da hukumar jiragen sama kan tazara da ƙarfin wuta kafin a daidaita.

Akwai kuma wanda yanayi ke kawowa, da taswira ba ta nuna shi. In iska mai ɗumi ta hau kan mai sanyi, kamar yadda ake samu a kan teku ko shimfiɗaɗɗen fili da asuba, sai a samu wani irin bututu a sararin sama da ke kama sigina ya hana ta bazuwa, ta yi tafiyar kilomita ɗari biyu ko fiye da sauran ƙarfinta. A netwok ɗin da ƙarfe da waya ke karɓa-karɓa a kan firikwensi ɗaya, kamar yawancin 5G, akwai ɗan gajeren shiru da ake bari tsakanin lokacin da ƙarfe ke magana da lokacin da yake saurare, amma siginar da ta taso daga wannan nisan tana isowa a makare, ta tarar ƙarfen nan ya riga ya buɗe kunne yana jiran wayoyinsa, sai ta toshe shi. Injiniya ya duba maƙwabta kaf bai ga mai laifi ba, ashe yana wata jiha ko ma wata ƙasa. Sai a ƙa'idojin 5G na 2020 aka sa wata sigina ta musamman da ƙarfen da aka dama zai aika don na nesan ya gane shi ne ke ɓarna, ya rage wuta ko ya ƙara sunkuyar da kai har yanayin ya wuce, kuma a nan ɗin ma waɗanda suka fi jefa sigina cikin bututun su ne dai dogayen nan da aka bari suna kallon gaba.